Bashin Iri da Bashin Banki

A ƙauye, idan gobara ta cinye rumbun mutum dab da faɗuwar damina, yakan je wurin mai hali ya nemi a ranta masa iri. Mai halin ba ya cewa a nuna masa rumbu, don ya san ya zama toka. Gona yake dubawa, ya tambayi maƙwabta ko mutumin manomi ne mai cika alkawari. Sai ya auna masa tiya huɗu ko biyar, ya ce sai kaka. Ba za ka gan shi a ƙofar gidan lokacin noman fari yana neman biya ba.

Mutanen Maiduguri irin wannan mai hali suka buƙata bayan 10 ga Satumba 2024, ranar da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya bi kogin Ngadda ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, har fadar Shehu. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994. Tallafi yakan sayi abinci da tabarma, amma ta da katanga da rufi sai kuɗi mai kauri.

To, ka je banki. Abu na farko jingina, wato takardar mallaka ta gwamnati, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da ita sai da amincewar gwamna. Mutumin tsohuwar unguwa sau da yawa abin da ke hannunsa takardar ciniki ce mai sa hannun bulama, ita ma ta jiƙe a akwati, shafukan sun manne, tawada ta zube. A turo mai kimanta gida, ya tarar da tarin ƙasa da kwanon rufi a lanƙwashe, ya rubuta kuɗin fili kawai. A nemi bayanin shige da ficen asusu wurin ɗan kasuwar da buhunansa suka ruɓe a shago. Duk wannan rumbun da ya ƙone ake tambaya. Ga tsadar bashi: a watan Satumban 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.25 cikin ɗari, kuma biya yakan fara tun siminti bai gama bushewa ba. Bashin Asusun Gidaje na Ƙasa mai ruwa kashi 6 galibi masu albashi ke samun sa.

Ban ga laifin banki don ya yi tsantseni ba, kuɗin ajiyar mutane ne amana a hannunsa. Ina ma goyon bayan ya ƙi ba da bashin sake gini a kan hanyar ruwa, ko mai hali ba ya ba da iri a zuba a cikin kwazazzabo.

Amma an taɓa sassautawa. A Maris 2020, lokacin korona, Babban Bankin ya ɗage biyan basussukan tallafinsa na shekara guda, ya rage ruwansu daga kashi 9 zuwa 5. Garin da ruwa ya ci ya cancanci irin wannan doka a rubuce tun kafin masifa ta zo: a jinkirta biya har mutum ya koma sana'a, a karɓi shaidar bulama da ta ƙungiyar 'yan kasuwa kafin sabuwar takarda ta fito, a riƙa sakin kuɗin kashi-kashi gwargwadon yadda gini ke tashi. Masu gudun riba kuwa, kuma suna da yawa a Borno, bankuna irin su Jaiz na iya saya musu bulo da siminti da kwano su sayar musu a biya sannu a hankali.