Likitan da ya yi wa ciwon daji allurar zazzaɓi

A shekarar 1890 wata budurwa 'yar shekara 17 mai suna Bessie Dashiell ta je wurin wani matashin likitan tiyata a birnin New York da kumburi a bayan hannunta na dama. Kujerar jirgin ƙasa ce ta matse hannun, kowa kuma ya ɗauka targaɗe ne da zai wuce. Bai wuce ba. Likitan, William Coley, shekararsa 28 a lokacin, kuma shekara 2 kacal da gama karatun likita a Harvard. Da aka yanki ɗan nama aka duba, sai aka ga sarkoma ce. Ya yanke hannun daga ƙasan gwiwa, domin abin da ilimin zamanin ya tanada ke nan. A watan Janairun 1891 yarinyar ta rasu, cutar ta riga ta bazu a jikinta.

Sarkoma nau'in ciwon daji ce da ke tsirowa a ƙashi ko a naman da ke riƙe da jiki: tsoka, kitse, jijiyoyi da guringuntsi. Ba ta da yawa, kusan kashi 1 cikin 100 ce ta ciwon dajin manya, amma a cikin yara da matasa kasonta ya fi haka nesa ba kusa ba. Iri-irinta sun haura 70. Ta fi bin jini wajen yaɗuwa, kuma huhu ne masaukinta na farko. Bugu ko faɗuwa ba sa haddasa ta. Sukan ja hankali ne kawai zuwa ga ƙarin da yake can tun da farko. Wannan ne ma ya sa a ƙasar Hausa yaro mai sarkomar gwiwa yakan shafe watanni a hannun mai ɗori kafin a ga likita.

Mutuwar Bessie ta tsaya wa Coley a rai. Sai ya shiga tonon tsofaffin takardun marasa lafiya na asibitin New York, yana neman ko akwai wanda ya taɓa kuɓuta daga irin wannan ciwo. Ya ci karo da labarin wani Bajamushe ɗan ci-rani, Fred Stein, mai sarkoma a wuya. An yi masa aiki sau da dama ƙarin yana dawowa, har likitoci suka fid da rai. Ana cikin haka sai miki ya kama masa da wata cutar fata mai zafin zazzaɓi, erisifelas, wadda ƙwayar bakteriya ta Streptococcus ke kawowa. Da zazzaɓin ya lafa, ƙarin ya narke. Aka sallame shi, aka manta da shi.

Coley bai manta ba. Ya yi makonni yana bin gidajen haya na talakawan unguwar Lower East Side ƙofa-ƙofa, har ya same shi da ransa da lafiyarsa, da tabon a wuya, shekara 7 bayan sallama.

Ba shi ne ya fara lura da wannan abin mamaki ba. Likitocin Jamus irin su Wilhelm Busch da Friedrich Fehleisen sun riga shi gwadawa. Abin da ya bambanta shi shi ne naci. A watan Mayun 1891 ya fara yi wa wani Ba'italiye mai suna Zola allurar ƙwayar cutar da ranta. Mutumin yana da ƙari a maƙogwaro wanda ya hana shi haɗiye abinci. Watanni suka shuɗe ba a samu zazzaɓin da ake nema ba, sai da aka kawo wani iri mai ƙarfi na ƙwayar daga ɗakin binciken Robert Koch a Jamus. A watan Oktoba Zola ya kwanta da rawar ɗari da zazzaɓin da ya haura digiri 40, ya kusa mutuwa, sannan ƙarin ya fara sacewa. Ya koma cin abinci, ya ƙara shekara 8 a duniya kafin cutar ta dawo ta kashe shi.

Yau da likita zai yi haka, da a kotu zai kwana. A wancan lokacin babu maganin kashe bakteriya, kuma biyu daga cikin majinyatan Coley na farko cutar da aka dasa musu ce ta yi ajalinsu. Wannan ta sa ya canza hanya. A 1893 ya koma kashe ƙwayoyin da zafi, ya gauraya su da wata bakteriyar, Serratia marcescens, domin ƙara wa haɗin ƙarfi. Shi ne aka riƙa kira dafin Coley. Wanda aka fara yi wa shi ne wani saurayi ɗan shekara 16, John Ficken, mai ƙaton ƙari a ciki da tiyata ba ta iya cirewa. Ƙarin ya tafi, shi kuma ya rayu shekara 26 bayan haka, ciwon zuciya ne ya kashe shi.

Daga nan har ƙarshen aikinsa Coley ya yi wa mutane kusan 1,000 wannan allura, mafi yawansu masu sarkoma, yana kuma shugabantar sashen ƙarin ƙashi a asibitin Memorial, wanda a yau ake kira Memorial Sloan Kettering. Kamfanin Parke-Davis ya fara sayar da haɗin a 1899.

To me ya hana maganin karɓuwa? Laifin ba na abokan hamayya ba ne kawai. An yi haɗin iri 13 daban-daban, wani da ƙarfi wani lami. Wani likita ya yi allurar a jijiya, wani a tsoka, wani a cikin ƙarin kansa. Wani ya tsaya bayan mako guda, Coley kuwa yakan yi watanni yana bi har sai jiki ya ɗau zafi. Ba a kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, kuma shi kansa bai iya bayyana dalilin da ya sa abin ke aiki ba. Likitan da ya gwada a wani gari bai ga komai ba, ba ƙarya ya yi ba in ya ce bai gani ba.

Ga kuma gashi da hasken radiyam, wanda ya shigo a daidai wannan lokaci. Ana iya auna shi, ana ganin ƙari yana raguwa kusan a kan kowa. James Ewing, mashahurin masanin cututtukan da aka sa wa wata sarkomar ƙashi sunansa, shi ne ke riƙe da Memorial, kuma ya ba gashi gaskiya ɗari bisa ɗari. Ya zama babban mai sukar Coley alhali asibiti ɗaya suke aiki. Coley ya rasu a 1936. Parke-Davis ya daina haɗa dafin a farkon shekarun 1950, kemoterafi ta mamaye fage, a 1965 kuma ƙungiyar ciwon daji ta Amurka ta sa shi cikin jerin magungunan da ba su da hujja.

'Yarsa, Helen Coley Nauts, ba likita ba ce, amma ita ta hana aikin mutuwa. Ta shafe shekaru tana bin takardun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta wasiƙu don gano inda majinyatan suka ƙare. A 1953 ta kafa cibiyar Cancer Research Institute, wadda ta riƙa ba masu binciken garkuwar jiki kuɗi a lokacin da fannin ba shi da farin jini. Masana sun gane daga baya cewa ba ƙwayar cutar ce ke cin ƙarin ba: tana tayar da garkuwar jiki ne, garkuwar kuma ta auka wa ciwon. A 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa suka gano ɗaya daga cikin sinadaran da jiki ke fitarwa a irin wannan yanayi, TNF. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai wanda ke barin tabo a dantse, yana maganin ciwon dajin mafitsara idan aka zuba shi a cikinta. Har gobe ana amfani da shi. A 2018 James Allison da Tasuku Honjo suka karɓi kyautar Nobel kan magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi.

Abin da ke da ɗaure kai shi ne, waɗannan sabbin magunguna da suka sauya labarin ciwon dajin fata da na huhu ba su yi wa yawancin sarkoma abin kirki ba. Abin da ya ceci yaran da ke da sarkomar ƙashi shi ne kemoterafi haɗe da tiyata, tun daga shekarun 1970: a da ƙasa da kashi 20 cikin 100 ke rayuwa bayan yanke ƙafa, yanzu kashi 60 zuwa 70 ne idan cutar ba ta yaɗu ba, kuma galibi ba a ma yanke ƙafar. Garkuwar jiki ta fara shiga fagen sarkoma ne a hankali, nau'i bayan nau'i. A watan Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Tecelra, inda ake ɗebo ƙwayoyin garkuwar majinyaci, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar masa, domin wata sarkoma da ke yawan fitowa kusa da gaɓoɓin matasa. A gwajin da aka dogara da shi, ƙarin ya ragu a jikin kashi 43 cikin 100 na mutum 44 da sauran magunguna suka riga suka gaza a kansu.