Abin Da Ke Sa Tsohon Dokin Sukuwa Firgita Da Yawan Haniniya

Idan ƙarfin dokin sukuwa ya fara raguwa, akan janye shi daga fage, kamar filin sukuwa na Kano, a sayar wa mai bukatar dokin hawan Sallah ko na kilisa. Ta haka irin wannan doki kan iya samun kansa a turke a Jajaye ko wani gari na yankin Ƙaraye da Rogo. Sau da yawa sabon ubangijinsa kan tarar da shi yana zabura, yana tutsu, yana haniniya ba ƙaƙƙautawa. Wasu kan ce mugun hali ne, su ɗauko bulala, amma binciken masana ya nuna cewa tsoro ne ke haddasa yawancin wannan.

Tushen tsoro

Kakannin doki dabbobin dawa ne da ake farauta, waɗanda gudu ne babban makaminsu. Idanunsa suna gefen kai, don haka yana ganin kusan digiri 350 daga cikin 360 na kewayensa, sai dai ba ya ganin abin da ke daidai goshinsa ko bayan wutsiyarsa. Shi ya sa yaron da ya ɓullo masa ta baya ba zato kan sha shuri. Kunnensa kuma na jin amon da ke kaɗawa har sau 33,000 a daƙiƙa, alhali na ɗan Adam bai wuce 20,000 ba. Da zarar ya razana, jikinsa kan saki sinadarin adirinalin. Zuciyar da ke bugawa sau 30 zuwa 40 a minti yana hutawa tana iya haura 200 idan ya sheƙa a guje.

Abin da fage ya koya masa

A fagen sukuwa doki ya koyi cewa ihun taro da ganin dawaki a gefensa na nufin gudu. Ranar hawa kuwa, ga taro, ga tambura da algaita, ga ƙarar bindigogi, amma ana so ya yi takawa a hankali. Idan ya zabura aka caka masa ƙaimi, sai ya haɗa taro da azaba a ƙwaƙwalwarsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ma'anar kukansa

Haniniya kira ce ta neman 'yan'uwa. Doki dabbar garke ce, saboda haka wanda ya saba da barga mai dawaki da yawa, aka ɗaure shi shi kaɗai, zai yi ta kira yana kasa kunne. A shekarar 2015, Elodie Briefer da abokan aikinta a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan sun gano cewa haniniya na ɗauke da amo biyu a lokaci guda. Ɗaya na nuna ƙarfin abin da dokin ke ji, ɗayan kuma na nuna ko daɗi ne ko damuwa. Haniniyar damuwa ta fi tsawo da kaifi. Furzar da iska da ƙarfi ta hanci tare da ɗaga kai gargaɗi ne na hatsari, shi kuwa gurnani mai taushi gaisuwa ce ga wanda ya sani.

Abin lura a nan shi ne, doki ba ya yawan kuka saboda ciwo. Yakan yi shiru, ya mayar da kunnuwa baya, ya lumshe ido, ya ƙi abinci. Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na dawakin da ake horarwa don sukuwa suna da gyambon ciki. Daga cikin dalilan akwai yawan hatsi da ƙarancin ciyawa, alhali a sake doki kan shafe awa 14 zuwa 16 a kullum yana kiwo.

Mafita

Da farko a kira likitan dabbobi ya duba haƙora da gadon baya da ƙafafu, domin linzami mai kaifi ko sirdin da bai zauna daidai ba kan jawo tutsu. A wadata shi da harawa da ciyawa, a ɗaure shi inda zai riƙa ganin wani doki ko jaki. Sannan a saba masa da abin tsoron kaɗan-kaɗan. Alal misali, a kaɗa ganga daga nesa yana cin dusa, a riƙa matsowa kowace rana muddin bai razana ba. Aikin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, amma shi ne ke kare mahayi da 'yan kallo, ya kuma kare dokin daga dukan da bai san dalilinsa ba.