INA RUWAN KWATANMU YAKE ZUWA?

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, muna samun ruwan noma a ƙasar Kura da Bunkure. Muna noman shinkafa da damina, da rani kuwa alkama da tumatir da albasa. Garuruwanmu sun cika, gidaje sun ƙaru. Amma akwai tambaya guda da ba mu cika yi ba: ruwan wanka da wanke-wanke, da wanda yake tsatsowa daga masai, ina yake zuwa?

Amsar ba wuya. Daga kwata sai lungu, daga lungu sai kududdufi ko magudana, daga nan sai kanal. A wannan kanal ɗin ne yaranmu suke iyo, mata suke wanki, mu kuma muke ban ruwa. Watau abin da muka zubar da safe, shi ne yake komo mana da yamma.

Cutar tsargiya ta wannan hanya take bi. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi. Bayan 'yan makonni sai tsutsotsin su fito, su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Kwalara kuma, wadda ta yi ɓarna a Jihar Kano a 2021, ta hanyar bayan gida take shiga ruwan sha. Mun ga yadda rafin Jakara ya zama cikin birnin Kano. Kada mu bari kanal ɗinmu ya koma haka.

Ƙaramin gari ba ya bukatar inji mai tsada domin gyaran ruwan kwata. Akwai dabarar tafkuna uku a jere, wadda har babban birni kamar Nairobi ta ƙasar Kenya yake aiki da ita a Dandora. Tafki na fari mai zurfi ne, kamar mita 3. A nan dauɗa mai nauyi take kwantawa ta ruɓe. Na biyu ba shi da zurfi sosai, kamar mita ɗaya da rabi. Gansakuka takan tsiro a ciki, ta ba da iskar da ƙananan halittu suke bukata su cinye sauran ƙazantar. A na uku, hasken rana yakan kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Idan ruwan ya yi kamar mako uku a hanya, ƙwan tsutsar ciki ya riga ya nutse ƙasa. Sa'an nan ana iya ban ruwa da shi, gama yana ɗauke da taki, amma ba na sha ba ne. Zafin ƙasarmu yana taimakon wannan aiki ƙwarai. Sai dai tilas a riƙa nome ciyawar bakin tafkin domin sauro da dodon koɗi, a kuma kewaye shi saboda yara da dabbobi.

Tafkuna aikin gari ne da ƙaramar hukuma. Kafin a kai can, ga abin da kowace ƙungiya za ta iya farawa:

1. Kowane gida ya haƙa rami a bakin kwata, a cika da duwatsu, ruwa ya riƙa nutsewa.
2. Masai ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30.
3. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a kanal.
4. Yaron da yake fitsarin jini a kai shi asibiti, gama akwai magani.

A taronmu na gaba, bari kowace ƙungiya ta zaga garinta, ta bi kwata ɗaya har ƙarshenta, ta kawo mana labarin inda ruwan ya faɗa.