Ruwan Amsterdam da Fina-finan Holan na Farko

A 1927 aka hana nuna wani fim na Pudovkin, ɗan Rasha, a gidajen silima na Holan. Sai wasu samari 'yan boko na Amsterdam suka rufe ƙofa suka kalli abinsu, daga nan suka kafa ƙungiyar Filmliga. A cikinsu akwai Joris Ivens, ɗan mai shagon kayan hoto a Nijmegen. A 1928 ya yi De Brug, kan gadar jirgin ƙasa ta Rotterdam da ake ɗagawa jiragen ruwa su wuce. Ya yi kyau, amma ba shi ne gwanina ba.

Gwanina shi ne Regen na 1929, wato ruwan sama. Bai kai kwata na awa ba, babu jarumi, babu magana. Iska ta kaɗa labule, ɗigon farko ya faɗa magudanar ruwa, laima ta buɗe, wata ta biyo, har titi ya cika da baƙaƙen laimomi ana hango su daga sama. Ruwa na gangarowa a gilashin taragon lantarki, mutanen waje sun zama inuwa.

Har yau za ka ji ana cewa wai da yamma ɗaya aka ɗauke shi. Haba! Wane ruwa ne zai tsaya jiran mai kyamara ya hau rufi, ya sauko, ya shiga tarago? Watanni Ivens ya yi yana yawo da ƙaramar kyamararsa ta Kinamo, abokai na buga masa waya da zarar hadari ya haɗo. Wajen yanka da haɗawa ne ruwa iri-iri ya koma ruwa ɗaya. Kuma a daina mantawa da Mannus Franken, tare suka yi aikin.

Yaƙin Duniya na Biyu kuwa labarinsa gajere ne. Jamus ta shigo Holan ranar 10 ga Mayu 1940, ta ragargaza Rotterdam ranar 14. Menno ter Braak, jigon Filmliga, ya kashe kansa a makon. Ivens ba ya ma ƙasar, yana Amurka, don haka masu neman hotunan mamaya a aikinsa su huta. Labaran silima na kamfanin Polygoon suka koma ƙarƙashin ikon 'yan mamaya, kamfanin UFA na Jamus ya shige ɗakunan ɗaukar fim na Amsterdam. A 1943 aka kammala wani katun na cin zarafin Yahudawa, Van den vos Reynaerde, wanda ba a taɓa sakinsa a silima ba.