Jinyar Ido A Gida Bayan Aikin Amodari

Da yawa daga cikinmu masu koyon Hausa mukan rikita gira da gashin ido. Gira ita ce gashin da ke ƙasan goshi a saman ido, shi kuwa gashin ido a bakin fatar ido yake, wato fatar nan da ke buɗewa tana rufewa idan mutum ya ƙifta. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan aikin da ake yi wa wannan fata saboda ciwon amodari, da kuma irin kulawar da majinyaci ke bukata bayan ya koma gida.

Amodari, wanda likitoci ke kira tirakoma, wata ƙwayar cuta ce mai suna Chlamydia trachomatis ke haddasa shi. Ƙudaje da hannu da tsumman goge fuska su ne ke yaɗa ta. Idan yaro ya yi ta kamuwa a kai a kai, sai cikin fatar idonsa ya yi tabo. Bayan shekaru tabon ya takure, bakin fatar ya lanƙwashe ciki, gashin ido ya dinga gogar baƙin ido, duk ƙiftawa kamar an zuba yashi. Ƙarshen abin hakiya ce da makanta. Mata sun fi maza shiga wannan hali, domin su ne kullum tare da yara. A 1998 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da makantar amodari, kuma Ghana ta cim ma haka a 2018, Mali da Benin a 2023.

Aikin kansa ba ya daɗewa. Ana yin allurar kashe zafi, a tsaga fatar, a juyo bakinta waje, a ɗinke. Kimanin minti 20 ya isa ido ɗaya, kuma majinyaci a ranar yake komawa gida da bandeji. Daga nan nauyi ya koma wuyan mutanen gida.

Washegari ake komawa a cire bandejin, ma'aikacin lafiya ya duba ɗinkin. Kumburi da ɗan zafi na kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Akan ba da man ido na tetracycline a riƙa sawa safe da dare, ko kuma ƙwayar azithromycin da ake sha sau ɗaya. Mai sa man ya wanke hannu da sabulu, ya ja fatar ƙasa a hankali, ya matsa man a ciki ba tare da bakin robar ya taɓa idon ba. Majinyaci kada ya murza, kada ya sosa, komai ƙaiƙayi. Maganar alwala kuwa a tambayi ma'aikacin lafiya ranar da ruwa zai iya taɓa wurin, malaman fiƙihu ma sun yi bayanin shafa a kan bandeji.

A unguwa irin Maitumbi, inda motoci ke ta kai da komo a hanyar Gwada da Kuta, ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, balle idan aikin ya faɗo cikin hunturu. Sai hayaƙin murhu. A ganina nan ne jinyar mata ta fi tangarɗa. Mace ta dawo daga asibiti, kwana biyu sai ga ta durƙushe tana hura wuta, ido na hawaye, tana gogewa da gefen zanen da ta share wa yaro majina. Duk gidan da bai samar da wadda za ta karɓi girki da shara na mako biyu ba, to bai gama shirin aikin ba. Kwalli ma a ajiye shi sai an ba da izini. Su kuwa masu ɗiga nonon mace ko ruwan ganye a ido, ɗinkin da bai warke ba ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar da aka sa: jinin da ya ƙi tsayawa, zafi mai ƙaruwa, mugunya, kumburin da ke daɗa hawa, ko gani ya ragu. Ko ɗaya aka gani a koma asibiti nan take.

Ɗaliban harshe ma suna da rabo a nan, domin a Minna sau da yawa Hausa ce ke haɗa ma'aikacin lafiya da majinyaci Bagwari ko Banufe, wani lokaci ɗalibi ne tafinta. Dubi kalmar shafa. Idan aka ce wa tsohuwa ta shafa man, a bayan fatar za ta shafa kamar man kaɗanya, alhali a ciki ake so. Gara a ce "a matsa a cikin ido", a kuma nuna mata. Haka ranar cire zare, wanda akan yi tsakanin mako ɗaya zuwa biyu. "Bayan 'yan kwanaki" ba ta da iyaka, amma "rana ita yau" ko "ranar Laraba ta sama" kowa ya san inda ta tsaya. Zaren da aka bari ya wuce lokacinsa yakan jawo tsiron nama a cikin fatar.

Bayan wata 3 zuwa 6 akwai wata komawar, kuma ita aka fi watsarwa tun da zafi ya tafi. Gashin yakan sake juyawa ciki ga wasu, wani lokaci guda ɗaya ko biyu a gefe. Idan haka ta faru, ma'aikacin lafiya ne zai ce ko a tsige da matsefata mai tsafta ko a sake aiki. Ya kamata kuma a faɗa wa majinyaci tun farko cewa aikin yana hana gashi gogar ido ne, ba ya goge tsohuwar hakiya, domin kada ya ga farin yana nan ya ɗauka aiki bai yi ba, ya ƙi komawa.