Tsuntsu mai ƙarewa da ciyawa mai yaɗuwa

Ƴan uwa manoma, yau za mu auna abu biyu: tsuntsun da ya kusa ɓacewa daga duniya, da ciyawar da ta ƙi barin gonakinmu.

Tsuntsun sunansa sihek. Dangin tsuntsayen nan ne masu dogon baki da kuke gani suna kamun kifi a bakin gulbi, amma shi a daji yake, yana cin ƙwari da ƙananan ƙadangaru. Asalinsa tsibirin Guwam ne, can cikin tekun Pasifik. Bayan yaƙin duniya na biyu, jiragen ruwa suka shigo da wani maciji mai hawan itace cikin kaya, ba da sani ba. Macijin ya yi ta shanye ƙwai yana haɗiye ƴan tsaki. Mace kuwa ƙwai biyu ko uku take yi. Daga 1984 zuwa 1986 aka kama tsuntsu 29 aka killace, a 1988 aka daina ganinsa a daji. Sai a 2024 aka sako 9 a tsibirin Palmira, inda babu macijin.

To, ku dubi ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Gindi guda yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwana fiye da shekara 10 cikin ƙasa. Ba ya tsira sai ya ji saiwar hatsi, dawa ko masara kusa da shi. Nan zai manne yana tsotson ruwa da abinci tun yana ƙarƙashin ƙasa. Kafin ku ga jan furensa, ya riga ya yi ɓarna.

Shi tsuntsu, an makara wajen tsare shi. Mu kada mu makara wajen ƙuduji. Ku tuge shi kafin ya yi ƴaƴa, ku tara bayan gona ku ƙone. Ku yawaita takin gida, don ya fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa. Inda ya yi yawa, ku hutar da hatsi ku shuka gyaɗa. Kada ku ɗebi irin shuka daga gonar da ya kama: yadda maciji ya shiga Guwam cikin kaya, haka ƙuduji ke shiga sabuwar gona cikin iri.

Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.