Harshe da Kamannin Baƙar Fata: Taƙaddamar Marubutan Harlem a Kan Adabin Gwagwarmaya

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka da wariyar launin fata, abin da ya fi saurin zuwa zukatan jama'a shi ne jerin gwano da shari'o'i a kotuna da jawaban shugabanni irin su Martin Luther King da Malcolm X. Ba kasafai akan tuna da wani fagen daga da aka daɗe ana fafatawa a cikinsa ba, wato fagen adabi da zane da kiɗa. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan wata taƙaddama da ta ɓarke tsakanin marubutan baƙar fata su ya su, wadda cibiyarta ita ce unguwar Harlem ta birnin Niyok, daga wajen 1922 zuwa 1937. Kusan dukkansu sun yarda cewa adabi yana da rawar da zai taka wajen ƙwato wa baƙar fata mutuncinsa. Inda suka saɓa shi ne a kan tambayoyi biyu: wace fuska ta baƙar fata za a nuna wa duniya, kuma da wane irin Ingilishi za a nuna ta, daidaitacce ko kuwa karin harshen da jikokin bayi suke magana da shi a gida da gona da majami'a? Tambaya ta biyu ita ce ta fi shafar manazarta harsuna, don haka a kanta za a fi tsayawa.

2.0 Tushen Matsalar

Ba za a fahimci zafin wannan taƙaddama ba sai an waiwayi abin da aka yi da karin harshen baƙar fata kafin su kansu su fara rubutu da shi. Tun wajen 1830 wani Bature ɗan wasa mai suna Thomas Rice ya yi suna wajen shafa baƙi a fuska, ya sa tsummokara, ya hau dandamali yana rawa yana kwaikwayon maganar bawa, a matsayin wani wawa da ya kira Jim Crow. Irin wannan wasa ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan nishaɗi a Amurka a ƙarni na 19. Bayan an soke bauta a 1865, jihohin kudu suka shiga kafa dokokin raba farare da baƙaƙe a makarantu da jiragen ƙasa da wuraren cin abinci, Kotun Ƙoli kuma ta amince da wannan rabuwa a 1896. Sunan da jama'a suka laƙaba wa waɗannan dokoki shi ne Jim Crow. Wato ke nan sunan wawan dandamali ne ya zama sunan dokar ƙasa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna kusancin da ke tsakanin wasan raini da tsarin danniya.

Mawaƙi Paul Laurence Dunbar, wanda aka haifa a 1872 kuma iyayensa tsofaffin bayi ne, shi ne ya fara ɗanɗana kuɗar wannan gado. Ya rubuta waƙoƙi da daidaitaccen Ingilishi, ya kuma rubuta wasu da karin harshen kudu. A 1896 babban mai sharhin adabi William Dean Howells ya yaba masa yabon da ya ɗaga shi zuwa idon duniya, amma waƙoƙin karin harshe ya fifita. Daga nan masu ɗab'i da masu saurare suka fi neman su a wurinsa, kuma har ya rasu a 1906, yana ɗan shekara 33, Dunbar yana kukan cewa an ɗaure shi a turke ɗaya.

Saboda haka ne a 1922 James Weldon Johnson, a gabatarwar kundin waƙoƙin baƙar fata da ya tattara, ya yanke hukuncin cewa karin harshe, a yadda aka saba rubuta shi, ya zama tamkar abin kiɗa mai murya biyu kacal: ko ya ba da dariya ko ya ba da tausayi. A ganinsa laifin ba na harshen ba ne, na ma'anar da dandamali ya liƙa masa ne. Ya kuwa aikata abin da ya faɗa, domin a 1927 da ya mayar da wa'azin tsofaffin masu wa'azi na kudu zuwa waƙa a littafinsa God's Trombones, sai ya riƙe kari da hawa da saukar muryarsu, amma ya rubuta kalmomin da daidaitaccen Ingilishi.

3.0 Shekarar 1926

Tun daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya baƙaƙen fata suka riƙa ƙaura daga karkarar kudu zuwa biranen arewa, suna gudun kisan gilla da talauci. Harlem ta cika da su, tare da baƙi daga tsibiran Karebiyan. A nan ne ofishin ƙungiyar Marcus Garvey yake, kuma a birnin ne W. E. B. Du Bois yake shirya mujallar The Crisis ta ƙungiyar NAACP tun 1910. A 1925 Alain Locke, malamin falsafa a Jami'ar Howard, ya fitar da kundin The New Negro, wanda ya tattara waƙoƙi da ƙagaggun labarai da maƙalu, tare da zane-zanen da suka haɗa da na Aaron Douglas, wanda ya aro siffofi daga fasahar Masar ta dā da sassaƙen Afirka. Manufar Locke ita ce a nuna cewa tsohon hoton nan na bawa mai washe baki ya kau, an sami sabon baƙar fata mai bayyana kansa da bakinsa.

Shekara guda bayan haka sai baraka ta bayyana. A watan Yuni na 1926 George Schuyler ya rubuta a mujallar The Nation cewa babu wani abu wai shi adabin baƙar fata a Amurka, domin baƙin Amurka Ba'amurke ne kawai da ya bambanta da sauran ta launi. Mako guda bayan haka Langston Hughes, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya mayar da martani a wannan mujalla. Ya ce babban dutsen da ya tare wa fasihin baƙar fata hanya yana cikin zuciyarsa ne, wato burin nan na son zama kamar Bature, wanda gidajen masu hali suke cusa wa 'ya'yansu. Ya ce taskar fasihi tana wurin talakawa masu kiɗan bulus da jaz, kuma matasan marubuta za su bayyana kansu ba tare da tsoro ko kunya ba, ko Turawa su ji daɗi ko kada su ji, ko baƙaƙe su ji daɗi ko kada su ji.

Du Bois kuwa, a jawabin da ya yi a taron NAACP a Shikago a wannan wata, wanda aka buga a The Crisis a watan Oktoba, ya dage cewa duk wata fasaha farfaganda ce, kuma shi ba ruwansa da fasahar da ba ta yi wa baƙar fata aiki wajen neman haƙƙinsa. Sau da yawa akan ɗauki wannan matsayi a matsayin taurin kan dattijo, amma adalci shi ne a duba abin da idonsa ya gani. A 1915 fim ɗin The Birth of a Nation ya nuna baƙaƙe a matsayin dabbobi masu farautar matan Turawa, an kalle shi har a fadar shugaban ƙasa, kuma a wannan shekara ce aka sake farfaɗo da ƙungiyar Ku Klux Klan. Mutumin da ya ga haka yana da hujjar jin tsoron cewa duk wani labari na mashayi ko karuwa baƙar fata zai zama shaida a hannun maƙiyi.

Matasan ba su saurara ba. A watan Nuwamba na 1926 Wallace Thurman da Hughes da Zora Neale Hurston da Douglas da wasu suka fitar da mujallar Fire!!, cike da labaran da dattawa suke ƙyama. Fitowa ɗaya ta yi ta mutu saboda bashi, kuma abin mamaki, gobara ce ta cinye da yawa daga cikin kwafen da suka rage. A 1927 Hughes ya fitar da kundinsa na biyu, inda ya gina waƙoƙi da dama a kan tsarin bulus: baiti ƙwar uku, ɗango na biyu yana maimaita na farko da ɗan sauyi, na uku kuma ya kawo amsa mai amsa-amo da su. Masu magana a cikin waƙoƙin 'yan dako ne da masu wanki da 'yan caca, da harshensu na yau da kullum. Jaridun baƙar fata ne suka fi yi masa dirar mikiya, har wata ta siffanta shi da mazaunin kwata. Haka kuma da Claude McKay ya fitar da Home to Harlem a 1928, Du Bois ya ce wasu sassan littafin sun sa ya ji yana bukatar wanka.

Sai dai kuma matasan nan ba su da cikakken 'yancin da suke iƙirari. Masu ɗab'i Turawa ne, yawancin masu sayen littattafan ma haka. A gidan rawa na Cotton Club, inda Duke Ellington ya fara kiɗa a 1927, baƙaƙe ne a kan dandamali, Turawa ne a kan kujeru. Hughes da Hurston duk sun zauna a ƙarƙashin wata attajira Baturiya, Charlotte Mason, wadda take son ganin abin da ta ɗauka shi ne ɗabi'ar Afirka ta asali a cikin rubutunsu. Hurston tana karɓar dala 200 a wata, bisa sharaɗin cewa duk tatsuniyoyi da waƙoƙin da ta tattaro mallakar uwar ɗakinta ne. Hughes ya ɓata da ita a 1930. Shi kuwa ya san Afirka ba ita ce abin da matar take zato ba, domin a 1923 ya zo gaɓar Afirka ta Yamma a matsayin ma'aikacin jirgin ruwa, ya tsaya har a Legas, kuma daga baya ya ba da labarin cewa mutanen da ya tarar sun ƙi yarda shi baƙar fata ne saboda hasken fatarsa.

4.0 Hurston da Matsayin Karin Harshe

Zora Neale Hurston ta bambanta da sauran ta fuskar horo. Ta tashi a Eatonville, wani gari na baƙaƙe zalla a jihar Fulorida, ta kuma karanci ilimin al'adun ɗan Adam a wurin Franz Boas. Ta shiga ƙauyuka da sansanonin masu yankan katako tana rubuta tatsuniyoyi da karin magana da wa'azi yadda suka fito daga bakin masu su. A wurinta wannan magana tana da azanci da adon harshe nata na kanta, ba ta bukatar a wanke ta kafin a kai ta gaban baƙi. A littafinta Their Eyes Were Watching God na 1937, mai ba da labari yana amfani da daidaitaccen Ingilishi, taurari kuma suna magana da karin harshensu, kuma a wurare da dama muryoyin biyu suna cuɗanya har ba a iya raba su.

Richard Wright, wanda a lokacin ɗan gurguzu ne, ya yi wa littafin sharhi mai zafi a mujallar New Masses. Ya ce ba shi da jigo ko saƙo, kuma marubuciyar ta ci gaba ne da tsohon wasan dandamali na sa Turawa dariya. Wannan hukunci ya yi tsauri, domin littafin labarin mace ce mai neman ikon faɗin albarkacin bakinta a gaban mazajen da suka danne ta, kuma wannan ma gwagwarmaya ce, sai dai ba irin wadda Wright yake nema ba. Amma a wancan zamani ra'ayinsa ne ya rinjaya, musamman bayan nasarar littafinsa Native Son a 1940. Hurston ta rasu a 1960 cikin talauci, aka binne ta a kabarin da ba shi da alama, sai a 1973 Alice Walker ta je maƙabartar ta kafa mata dutse.

Binciken masana harshe ya zo ya ƙarfafa matsayinta. A 1949 Lorenzo Dow Turner ya nuna ɗimbin kalmomi da sunaye na harsunan Afirka ta Yamma a cikin harshen Gullah na gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya. A ƙarshen shekarun 1960 William Labov da abokan aikinsa, da suka yi nazarin maganar samarin Harlem, suka tabbatar da cewa abin da malaman makaranta suke kira gurɓataccen Ingilishi yana bin ƙa'idojin nahawu tsayayyu. Misali ɗaya zai wadatar, kuma mai jin Hausa zai fi Bature saurin gane shi. A wannan kari, he working yana nufin “yana aiki” a yanzu, he be working kuwa yana nufin “yakan yi aiki”, wato lokaci sabau. Daidaitaccen Ingilishi ba shi da wata alama guda da ta keɓanta da wannan aiki kamar yadda “kan” take yi a Hausa. Duk da haka, a 1996 da hukumar makarantun Oakland ta yanke shawarar amincewa da wannan kari domin taimaka wa yara su koyi daidaitaccen Ingilishi, an yi mata ca, kuma cikin masu sukar har da fitattun baƙaƙen fata, bisa irin tsoron da Johnson da Du Bois suka bayyana shekaru saba'in kafin nan.

Akwai wani aikin Hurston da ya fi kowanne nuna tsadar wannan matsayi. Daga 1927 zuwa 1931 ta yi ta ziyartar wani dattijo a kusa da birnin Mobile na jihar Alabama, wanda ake kira Cudjo Lewis, sunansa na asali kuwa Kossola. Bayarabe ne da mayaƙan Dahomey suka kama, aka kai shi Amurka a 1860 a cikin jirgin Clotilda, fiye da shekara hamsin bayan an haramta shigo da bayi ƙasar. Ya ba ta labarin garinsu da harin da aka kai musu da kurkukun bayi na Wida da tsallaka teku, ita kuma ta rubuta da irin Ingilishin da yake yi. Masu ɗab'i suka nemi ta mayar da maganarsa zuwa daidaitaccen harshe, ta ƙi. Kossola ya rasu a 1935, rubutun kuma ya zauna a ma'ajiyar Jami'ar Howard, ba a buga shi ba sai a 2018, da sunan Barracoon, da kalmomin dattijon yadda ta rubuta su. A 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzan jirgin Clotilda a cikin kogin Mobile.